Yayar Gwamna Ba Ta Zuwa Wurin 'Yan Canji

Litinin, 3 ga Maris

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da kuma aikin da ya hana ka ɗaga waya. Sau huɗu na kira, sau huɗu wata yarinya mai zaƙin murya tana ce mini, "Mai girma Gwamna yana taro, wa za a ce?" Na ce a ce masa wadda ta koya masa riƙe fensir ce. Ban sani ba ko ta isar. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, tunda shekara talatin da biyar da na yi ina koyarwa a firamare ba abin da suka bar mini sai su. Direbanka ya yi alkawarin zai damƙa maka hannu da hannu.

Jiya mai burodi ya ba ni canji, sai ga sabuwar takardar kuɗi da sa hannunka a ƙasa. Na tsaya a bakin titi ina dariya ni kaɗai. Shekara ashirin da biyu kana ƙasashen waje kana koya wa gwamnatoci tattali, har aka dawo da kai aka ba ka babban banki, amma har yau rubutunka bai miƙe ba. Na nuna wa mai burodin na ce ƙanena ne. Ya ce to ki ce masa fulawa ta yi tsada.

Ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Jikin maigidana Malam ne. Ka san matakala ukun nan da ake hawa kafin a shiga shagonsa? Yanzu sai ya huta a ta biyu. Hannunsa dai lafiya lau, yana nan yana kwance agogon mutane da gilashinsa a ido ɗaya, amma numfashin ya ƙi. Likita ya ce wata ƙofa ce a zuciyarsa ta daina rufewa sosai, kuma aikin ba a iya yin sa a nan. Wani asibiti a waje ya ba mu 14 ga Afrilu, da sharaɗin a biya su da kuɗin waje kafin 28 ga wannan wata, in ba haka ba su ba wani gurbin.

Na sayar da gidan Baba. Kasonka ka daɗe da bar mini, don haka ban nemi izininka ba, amma na yi kuka ranar da na miƙa makullin, gara ka sani. Kuɗin suna banki. Na cika takardar neman kuɗin waje a farashin gwamnati, manaja ya ce layi ne, mako biyu zuwa uku. In na samu a wannan farashin, za su biya aikin, su biya jirgi da masauki, in raka shi. In na kai wa 'yan canji yau, aikin kaɗai za su biya, ya tafi shi kaɗai, mutumin da ko shayi bai iya haɗa wa kansa ba.

Mutane suna ta raɗe-raɗin za a karya darajar kuɗinmu. Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, kai ka sani. In jira layin, ko in canza yanzu? Kalma ɗaya ta ishe ni.

Malam yana gaishe ka, ya ce agogon da ka kawo masa gyara bara yana nan yana jiran mai shi. Ka gaishe mini da kowa.

Taka,
Yaya

*

Alhamis, 6 ga Maris

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na kuma yi matuƙar baƙin ciki da jin halin da Malam yake ciki. Allah ya ba shi lafiya. Ban manta ba shi ya raka ni tashar mota ranar da zan tafi jami'a, ya cire agogon hannunsa ya ɗaura mini. Batun gidan Baba kuwa, kin yi daidai, da ni ne haka zan yi.

Yarinyar ta isar da saƙonki, kuma duk ofis ya ji. Yanzu mataimakana kallon hannuna suke yi in ina sa hannu.

Game da tambayarki, Yaya, ina roƙon ki fahimce ni. Ranar da na kama wannan aiki na yi rantsuwa cewa ba zan faɗa wa kowa abin da ya shafi farashin kuɗi ba kafin a sanar da jama'a gaba ɗaya, ko da matata ce. Ba zan iya ce miki ki jira ba, ba zan iya ce miki ki canza ba. Haka kuma ba zan iya sa baki a ciyar da takardarki gaba ba. Ni na kafa dokar layin, kuma a watan jiya na sallami darakta guda saboda ya tsallakar da surukinsa.

Da a ce ina da kuɗin waje a hannu da tuni na biya asibitin. Kin dai ji a labarai, duk abin da na tara a shekarun da na yi a waje na dawo da shi gida na mayar da shi kuɗinmu a gaban 'yan jarida, don mutane su ga na yarda da abin da nake sa wa hannu. A kujerar da nake kuma ba ni da halin in sayi ko kaɗan.

Abin da zan iya yi, na yi. Na sa an zuba miki a asusunki abin da zai isa kuɗin jirginku ku biyu da masauki na wata guda, a kowane farashi aka lissafa. Kada rakiyarsa ta zama abin da zai tsayar da ke. Ku zauna da Malam ku yi shawara, ku yanke abin da ya fi muku kwanciyar hankali.

Ki gaishe shi da jiki. Ki ce masa zan zo karɓar agogon da kaina.

Ƙaninki,
Auta

*

Laraba, 12 ga Maris

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na karanta wasiƙarka sau uku ina neman amsa, sai na ga kamar takardar da ake liƙawa a allon sanarwa. Da ɗalibina ne ya rubuto mini haka da na ja masa jan biro na ce "amsa tambaya". Amma ban yi fushi ba. Rantsuwa ka ce, ni kuwa ba ni zan sa ka karya ta ba. Kuɗin sun shigo, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Malam ya ce ashe gwamna yana da amfani.

To, Allah ya kawo amsar ta wata hanya. Jiya da hantsi muna shago, ina jera masa ƙananan sukurori a murfin gwangwani don yanzu sunkuyo yana wahalar da shi, sai ga muryarka a rediyo. Ka ce babu wani shiri na karya darajar kuɗi. Ka ce masu rububin sayen kuɗin waje a bakin titi su ne suke haƙa wa ƙasa rami, ka roƙi mutane su yi haƙuri su bi layi. Hankalina ya kwanta. Tun kana ɗan shekara shida da Mama ta rasu kake hannuna, na san ka ciki da waje. Kana da taurin kai, kana da ɓoye ciwo, amma ba ka taɓa kallona ka faɗi abin da ba haka yake ba.

Akwai wani ɗan canji, tsohon ɗalibina ne, aji huɗu na koyar da shi. Sau biyu yana zuwa har gida cikin makon nan, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce in zan canza in neme shi, zai yi mini ragi. Har tambayata ya yi ko mun yi magana da kai. Ka ga yaro mai ladabi, bai manta malamarsa ba. Amma na ce masa a'a. Ƙanena yana rediyo yana roƙon mutane su bi layi, sannan a ga yayarsa tsaye a bayan kasuwa da jaka a hammata? Wa zai sake jin maganarka? Yayar gwamna ba ta zuwa wurin 'yan canji. Na jira ka shekara ashirin da biyu, mako biyu ba zai gagare ni ba.

Kullum da safe ina leƙa bankin. Mai gadi har ya san ni, yana ajiye mini kujera kusa da fanka. Manaja ya ce lambata ta matso.

Ka rage shan shayi mai ƙarfi, muryarka ta dushe a rediyon. A gaida yara.

Yaya

*

Asabar, 22 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Na san kin ji sanarwar jiya. Na kira wayarki sau da yawa, tana shiga ba a ɗauka, shi ya sa na turo direba.

Matakin ya zama dole. Abin da ya rage a asusun ƙasa na kuɗin waje bai fi na sayo magani da man fetur na mako shida ba. Ba zan cika ki da bayani ba, na san ba shi kike buƙata ba.

Yanzu da aka sanar, hannuna ya saku. Na sa motata da filina a kasuwa, na kuma rubuta wa wani tsohon abokin aikina a waje ya taimaka. Na yi magana da asibitin da kaina, na roƙi su ƙara mana kwanaki. Ba su amsa ba tukuna. Zan cike duk abin da ya rage, ki faɗa wa Malam kada ya sa damuwa a ransa.

Ki ɗauki waya, Yaya, don Allah.

Ƙaninki,
Auta

*

Litinin, 31 ga Maris

Auta,

Na amsa sallamarka. Muna nan.

Ranar Litinin ɗin da ta bi sanarwarka manaja ya kira ni da kansa, ya ce lambata ta zo. Na je. Ya zaunar da ni a ofishinsa, ya sa aka kawo mini ruwa, ya juyo da fuskar kwamfuta wajena don ya kasa faɗa da baki. Gidan Baba gaba ɗayansa, da ɗakin Mama, da bishiyar tsakar gida, da abin da ka turo, duk sun tashi a rabin kuɗin aikin da 'yan kai. Kwana uku ne tsakani. Na yi masa godiya na fito. Na zauna a kujerar mai gadi har aka rufe banki, don ban san da wace fuska zan shiga shagon ba.

Ranar Juma'a wa'adin ya cika, asibiti sun ba wani gurbin. Na san ka roƙe su, sun rubuto sun faɗa. Sun ce in kuɗi sun cika za su duba mana ƙarshen Yuni. Likitanmu da ya ji haka sai ya ƙara wa Malam ƙwaya ɗaya, ya ce ya daina hawa matakala. Mun kwaso teburinsa zuwa falo. Masu agogo suna biyo shi gida, yana yi musu aiki yana tsokanarsu. Ya ce da ma bai son jirgi. Ƙafafunsa sun fara kumbura, takalminsa ba ya shiga.

Ba mu kaɗai ba ne. Maƙwabciyata mai ɗinki ta rufe shago. Mai burodi ya daina yi mini wasa, yana miƙo mini canji yana kallon gefe. Ɗalibin nan nawa ɗan canji kuwa bai sake takowa ba, ko a hanya muka haɗu sai ya tsallaka titi. Sai yanzu na gane ba gaisuwa ce take kawo shi ba.

Na ji masana a rediyo suna cewa ka yi abin da ya kamata, wai ka ceci ƙasa. Mai yiwuwa haka ne, ni ba fannina ba ne. Duk abin da za ka haɗa ka haɗa, ba zan ƙi karɓa ba, ran mijina ya fi ƙarfin fushina. Amma ina da tambaya ɗaya, kuma ba Gwamna nake tambaya ba. Ranar da ka yi magana a rediyo, da ranar da ka karanta wasiƙata da na ce zan jira saboda kai, ka riga ka sani?

Kada ka turo mini bayanin asusun ƙasa. I ko a'a.

Yaya

*

Alhamis, 26 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Yau ce ranar da asibiti suka ba mu. Da safe sakatariyata ta shigo da jadawalin aiki, na ga na rubuta da hannuna tun watan Afrilu, "aikin Malam". Kwana tara kenan da muka binne shi. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Wata uku ina turo miki rasit da takardun asibiti, ban amsa tambayarki ba. Ranar da na zo gaisuwa na yi niyyar faɗa miki. Kin ga yadda ta kasance. Masu tsarona sun cika ƙofa, da na shiga falon mutane suka riƙa janye ƙafa. Na zauna kusa da teburinsa, gilashin idonsa yana nan a kan wani agogo da ya buɗe bai rufe ba. Kin amsa gaisuwata kamar yadda kika amsa ta kowa. Sai na kasa.

I, Yaya. Na sani.

Da wasiƙarki ta farko ta zo, zato ne kawai nake yi. Ranar rediyo kuwa an riga an tsayar da rana, mu shida muka sani. A wannan aikin haka ake yi: gwamna yana musantawa har zuwa sa'ar da zai sanar, domin in ya yi jinkirin amsa na daƙiƙa ɗaya kafin la'asar an kwashe abin da ya rage. Na koyar da wannan a ƙasashe fiye da goma. Na zauna da ministoci a ɗakunan otal ina ce musu kada su faɗa wa ko matansu. Ban taɓa tambayar kaina wa yake sauraron rediyo a gidajensu ba.

Wasiƙarki ta biyu tana aljihuna ranar da muka kaɗa ƙuri'ar tabbatar da karya kuɗin a hukumance. Da na karanta batun ɗalibinki na gane nan take ke yake gadi. Da kin shiga wurinsa da jakarki, kafin ki kai gida duk kasuwa ta san yayar gwamna ta canza. Wannan gaskiya ne, kuma da shi na riƙa lallashin kaina.

Amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Kuɗin jirgin da na turo miki, na turo ne ina fata ki je ki canza da kanki. Ina so ki je, amma ba da bakina ba. Da kika rubuto kika ce kin zauna saboda ni, ina da kwana tara a hannu. Gidanki tafiyar minti arba'in ne. Da na zo na zauna da ke da Malam mun nemi hanya, ko a ba wani ya saya a hankali, ko wani abu dai. Sau biyu na sa direba ya tayar da mota, sau biyu na ce ya kashe. Na ce wa kaina lambarki za ta zo kafin Juma'a. Abin da na ji tsoro shi ne ranar da za a kafa kwamitin bincike a kira sunana. Shekara ashirin da biyu ba a taɓa samuna da ko ɗigo ba, na kasa ba da wannan saboda mutumin da ya ɗaura mini agogonsa.

Farashi ya fara tsayawa. Daga waje ana ta aiko mini da takardun yabo, tsohon wurin aikina har sun gayyace ni in yi jawabi. Ba na iya karanta su. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin aljihun tebur, ranar Litinin mai zuwa ta sama zan miƙa. Ba na neman ki yafe mini yanzu. Ki bar ni dai in zo ni kaɗai, ba mota ba masu tsaro, in zauna a ƙofar ɗakinki ko ba za ki ce mini komai ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Litinin, 30 ga Yuni

Auta,

Wa alaikumus salam. Na gode da ka amsa.

Kada ka ajiye aikin. An riga an biya kuɗinsa da tsada, ka zauna ka gama shi yadda ya kamata.

Tunda ka faɗi taka, ga tawa, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar rediyon, da ka gama magana, Malam ya cire gilashin idonsa ya ce, "Malama, ki je ki canza kuɗin nan gobe. Yaron nan a takure yake." Na ce masa ƙanena ba ya ƙarya. Na ɗaga masa murya a gaban mai kawo gyara, abin da ban taɓa yi ba a shekara arba'in. Ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya.

Ka ga kenan ba kai kaɗai ba ne. Kai ka tsare sunanka, ni ma sunanka na tsare, shi kuwa ba wanda ya tsaya masa a cikinmu.

Kada ka zo tukuna. Ba tsanar ka na yi ba, amma in na gan ka mu biyu nake gani, kuma ban iya ba yanzu. In na iya zan aiko.

Ka gaida yara.

Yaya